Kwamfutar Ɗakin Magani Ta Sake Faɗuwa

Mbita, Litinin

Zuwa ga ƙanena Odera,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da sanyin Nairobin naku. Mama tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko wayarka ta faɗa tafki ne. Ni dai saƙo na isar.

Bayan haka, wannan wasiƙar aiki ce, shi ya sa na rubuta ban kira ba. Duk abin da ya shafi bayanan marasa lafiya a asibitin nan sai a rubuce. Ni na kafa dokar, don haka kada ma ka fara.

Kwamfutar ɗakin magani ta ishe mu. Ita ke riƙe da sunayen masu karɓar maganin ƙanjamau na wata-wata, ita ke buga sitikar da ake mannawa a jikin robar kowa. Tun watan jiya take faɗuwa, kuma ba ta zaɓar ranar faɗuwa sai ranar da ɗaki ya cika. Allo ya yi baƙi, wasu rubuce-rubuce su zubo, shi ke nan. An sauya kwamfutar gaba ɗaya, sabuwar ma ta ɗauki halin tsohuwar.

Kafin ta farfaɗo, ɗakin jira na ciki ya cika ya batse, sauran mutane sai bencin waje. Ka san bencin, daga kansa ana hangen titi, kuma 'yan boda masu haya da babur suna nan zube a gindin bishiyar bakin ƙofa, ba su da aiki sai kallo. Babu wanda bai san maganin me ake bayarwa a wannan ƙofar ba. Mutanen da suka saba shigowa su fita cikin ƙiftawar ido, yanzu sai su zauna a rana kowa yana lissafa su. Na roƙi a kafa shingen kwano, aka ce shingen ma shela ce, kuma gaskiya aka faɗa.

Duk wanda ya zo yin rajista, ni nake kallon idonsa in ce masa sunansa ba zai fita daga ɗakin nan ba. Da wannan maganar suke zuwa. In suka daina yarda, sun daina zuwa, kuma ka san ƙarshen wanda ya daina shan maganin nan.

Kamfaninku ke kula da manhajar, aka ce an miƙa maka matsalar. Na ce ikon Allah, duk injiniyoyin Kenya sai wanda na goya. Sun ce in ta faɗi tana kwashe duk abin da ke ƙwaƙwalwarta a lokacin ta zuba a fayil ɗaya. Ga shi nan na haɗo maka, na tsabtace shi tukuna kamar yadda ƙa'ida ta ce.

Ka yi sauri don Allah. Ka kuma kira Mama.

Yayarka,
Awuor


Nairobi, Alhamis

Yaya Awuor,

Ina gaisuwa, Babbar Jami'ar Tsare Bayanai. Ya tafki, ya kifi, ya mulki? Na kira Mama. Ta yi mini faɗa har kuɗin wayata suka ƙare, ke nan ita ma lafiyarta ƙalau.

Ki kwantar da hankalinki, na ga abin. Fayil ɗin faɗuwa a wurinmu kamar gawa yake a wurin likitan bincike, ba ya magana amma ba ya ƙarya. Abin da ya mutu shi ne uwar manhajar da ke riƙe da komai, wadda muke ce wa kenel. Ta tashi yin wani aiki, ta duba wurin da aka ajiye mata adireshin da za ta bi, ta tarar babu komai sai sifiri. Kamar a aiki mutum a ba shi takarda fara fat. Da ba ta san inda za ta ba, sai ta faɗi.

Sifirin nan ba a wuri ɗaya suke ba, jere suke reras a wurare da dama. Akwai wani ɓangaren manhaja da na daɗe ina zargi, mai share wuri kafin masu wurin su gama tashi. Na rubuta masa gyara. Na nuna wa ogana Mista Gathogo, ya ce, «Kai Odera, kanka na ja.» Ban musa masa ba.

Gyaran yana haɗe da wannan saƙo. Ki ba mai kula da kwamfutocinku ya ɗora. Ladana kuwa, in wani zai zo, a aiko mini da busasshen kifin omena na gida, na nan garin rabinsa yashi ne.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki da kika goya,
Odera


Mbita, Laraba

Odera,

Gaisuwa, a taƙaice.

An ɗora gyaranka. Jiya ranar kasuwa, ɗaki ya cika, ta faɗi sau biyu kafin azahar. Wannan shi ne gyara na uku da ka aiko, kowanne da kirarinsa. Sista Adongo mai ba da magani ta tsaya a kanta ta riƙe ƙugu ta ce, «Ke dai in aljanu gare ki ki faɗa, mu kira fasto. Ɗan Nairobi ya gaza.»

Ban yi dariya ba, saboda abin da na gani ta taga. Wata mata da ta yi shekaru ba ta taɓa tsallake ranarta ba ta miƙe daga benci ta ja mayafi. Na bi ta na cim mata a bayan tankin ruwa.

Na ce, «Mama, saura kaɗan, yi haƙuri.»

Ta ce, «Sista, mai jar hular can ƙanin mijina ne. Tun ɗazu yake goge babur ɗin da ba shi da datti.»

Na ce, «To shigo ofishina ki zauna.»

Ta ce, «In shiga ofishinki a gabansa? Ai gara bencin.»

Ta tafi ba magani. Da yamma sai da na sa a jakar cefane na kai mata da kaina, na yi kamar kifi na je saya. Mutum ɗaya ke nan. Akwai wasu da ban gansu ba sam a makon nan, kuma ba ni da ƙafar da zan bi kowa gida.

Ba omena, ba komai, sai kwamfutar nan ta tsaya da ƙafarta. Na haɗo sabon fayil na jiya.

Awuor


Nairobi, Juma'a

Yaya,

Ina gaisuwa, don Mama ta koya mana gaisuwa, ba don ina da bakin yi ba.

Wata tambaya zan yi miki, kuma ina so ki amsa da kalma ɗaya. Tsabtacewar nan da kika ce kin yi, da me take maye gurbin abin da ta goge?

Ba sai kin amsa ba, na riga na gano. Da sifiri.

Yaya, kin san abin da kika yi mini? Kusan mako uku ina bin sifirin da ke kika zuba da hannunki. Na zargi ɓangaren manhajar da bai ci ba bai sha ba. Na rubuta wa bayin Allah masu kula da shi a ƙasashen waje doguwar wasiƙa cewa aikinsu na da rami, ɗaya daga cikinsu ya amsa mini cikin ladabin da ya fi zagi ciwo. Da na jera fayilolin biyu gefe da gefe na ga sifirin sun yi kyau da yawa, gefensu a miƙe kamar an sa rula. Ɓarna ba ta da tsari haka. Na tashi na fita na tsaya a baranda ina kallon cunkoson titin Thika, har Mista Gathogo ya leƙo ya ce, «Lafiya, ko an yi rasuwa?» Na ce, «Saura kaɗan.»

An kira ni in gano abin da ya kashe mutum, sai aka wanke gawar, aka cire hanjin, aka cusa auduga, aka ce bismillah. Ni kuma na zauna ina rubuta rahoto cewa auduga ce ta kashe shi.

Ki turo mini fayil ɗin yadda ya fito, ba a taɓa shi ba. Ba ruwana da sunan kowa. Ni adireshi nake karantawa, ba mutane ba. Za a kulle shi da mabuɗin da ni kaɗai ke da shi, in na gama in goge. Likita ma ai sai ya ga tsiraicin mara lafiya yake yi masa aiki.

Naki, wanda ya kai bango,
Odera


Mbita, Litinin

Ƙanena,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka jajen mako ukunka.

Amma ka koma wasiƙata ta farko, wajen ƙarshe. Na rubuta cewa na tsabtace shi. Ba ka karanta ba, kamar yadda ba ka taɓa karanta komai har ƙarshe ba tun kana firamare. Ni ma'aikaciyar jinya ce da aka koya wa tsare bayanai, an ba ni manhajar gogewa an ce in danna nan. Ina na san sifiri yana da wata ma'ana a garinku? Kai da ka sani, me ya hana ka tambaya?

Maganar fayil ɗin da ba a taɓa ba, a'a.

Ka ce likita na ganin tsiraici. Mara lafiya shi ya zaɓi likitansa, shi ya cire rigarsa. Waɗannan ba wanda ya tambaye su. Kuma kai ba baƙo ba ne da zai ga suna ya wuce. A garin nan aka haife ka. Waɗanda ke cikin fayil ɗin nan da su ka yi makaranta, da su kake zama a coci in ka zo Kirsimeti, wasu a gidansu ka ci tuwon ugali har ka yi barci. Ba na zarginka da surutu. Amma ban ce musu sunansu ba zai fita ba sai dai wurin ƙanena. Cewa na yi ba zai fita ba.

Kada ka ce ban yi ƙoƙari ba. Shawararka ta waya, cewa mu jawo faɗuwar da sunayen ƙarya, mun gwada jiya bayan coci. Ni da Sista Adongo muka ƙirƙiro marasa lafiya sama da ɗari. Da sunaye suka ƙare mana muka koma kan kifaye, har da Mista Ngege da Madam Mbuta. Muka buga sitika har takarda ta ƙare. Kwamfutar nan ko tari ba ta yi ba. Adongo ta ce, «Kin gani? Ta san ranar hutu. Munafuka.»

Abin da na iya yi, na sa an sauya manhajar gogewar. Yanzu duk inda ta share bayanin mutum, wata alama take zubawa da ba za ka ruɗe ta da komai ba. Yau da safe ta sake faɗuwa, ga fayil ɗin nan da sabuwar alamar.

In kuma dole sai wani ya ga na ainihin, ku aiko wanda bai san kowa a nan ba.

Yayarka,
Awuor


Nairobi, Laraba

Yaya Awuor,

Barka da aiki. Alamar ta yi amfani, na gode. Kin ga na iya godiya.

Yanzu ga inda muke, kuma ba zai yi miki daɗi ba. Na koma daidai wurin da kenel ta duba adireshi ta faɗi. Alamarki ce zaune a wurin. Kin gane abin da hakan ke nufi? Manhajarki ba ta goge komai sai inda ta ga bayanin mara lafiya. Ke nan bayanin wani mutum ne ya faɗo a kan adireshin ya danne shi. Wani abu a cikin kwamfutar yana ɗaukar bayanin mutum yana zubawa inda ba a aike shi ba. Shi ne ɓarawon. Sawun da ya bari kuwa shi ne bayanin da kansa, kuma duk lokacin da ya bar sawu kina bi da tsintsiya.

In na ga yadda aka jera bayanin, da abin da ke gabansa da bayansa, zan san ko daga hanyar firinta ya fito, ko daga wurin ajiya, ko daga wani wuri, in bi shi har gida. Ba tare da haka ba, tsammani kawai zan ci gaba da aiko miki, kin kuwa ga inda tsammanina ya kai mu.

Gwajin da muka yi jiya a waya, ke kina kallo kina karanto mini abin da ba suna ba, kada mu sake. Na ce ki gangara ƙasa, kin haura sama. Na ce me kike gani, kin ce «lambobi». Na ce waɗanne, kin ce «masu yawa». Da na ɗaga murya kika kashe mini waya. Ban ce laifinki ba ne, wannan bin sawu ne da sai mai ido a kai.

Maganar baƙo kuma, mu biyu ne a kamfanin nan muka iya wannan aikin. Ɗayar, Chepkoech, ta koma Jamus a bara, kuma ke kika fi ni sanin cewa fayil ɗin ba zai tsallaka iyaka ba. Sauran yaranmu ƙwararru ne a kan manhajar waya, in kika nuna musu cikin kenel sai su nemi ruwan sha. Na tambayi Mista Gathogo ko za a ɗauko wani daga waje, ya ce a rubuta buƙata, kwamiti zai duba a zango mai zuwa.

Kina tsare sunayensu a cikin fayil, ga fuskokinsu a kan benci kowa na kallo. Ban faɗa don in ci miki fuska ba. Ki zaɓa.

Ƙaninki,
Odera


Mbita, Juma'a

Zuwa ga Injiniya Odera,

Bayan gaisuwa irin ta aiki, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya.

Jami'armu ta tsare bayanai, Madam Awuor, ta gabatar mini da buƙatarka tare da adawarta a rubuce. Na karanta duka biyun, har da wuraren da ba su shafi aiki ba. Ganin yadda adadin masu zuwa karɓar magani ke raguwa, na yanke hukunci kamar haka.

Fayil ɗin ba zai bar ginin nan ba. Kai za ka zo. Za ka duba shi a kwamfutar da ba a haɗa ta da komai ba, wayarka tana wurin mai gadi. Madam Awuor za ta zauna tare da kai, ita za ta rufe duk gefen allon da ke nuna rubutu. Ba za ka fita da komai ba sai bayanin gyaran. Idan duk da haka ka ga sunan wani, wajibi ne ka sanar da ita a rubuce, ita kuma ta sanar da mai sunan.

Madam Awuor ta nemi a rubuta cewa ba da son ranta ba ne. An rubuta.

Ina kuma roƙonku, ku biyun, ku riƙa cire ni daga jerin waɗanda ake tura wa kwafe idan magana ta koma kan wanda ya goya wani.

Ka huta lafiya.

Dakta Kerubo Nyaboke,
Shugabar asibiti


Mbita, Asabar

Odera,

Ka ga takardar Dakta. An fi ƙarfina.

Ka biyo motar Kisumu ka hau jirgin ruwa, ya fi sauƙi. Mama ta ji kana zuwa, har ta sa an kama kaza. Na ce mata aiki ya kawo ka, ta ce aikin ba shi da ciki ne?

Na sa mai kula da kwamfutocinmu ya nuna mini yadda allon yake. Lambobi a hagu da tsakiya, haruffa a wani siririn layi a gefen dama. Na yanko kwalin magani daidai tsawon layin, zan manne shi da filasta. Lambobinka kaɗai za ka gani, tunda ka ce su kake karantawa.

Ka zo da rigar kirki, ba wannan mai hular ba.

Awuor


Nairobi, Alhamis

Yaya Awuor,

Ina gaisuwa. Na iso lafiya, omena ma ya iso, duk motar ta san da shi.

Na farko, bayanin aiki don fayil ɗinku. A ranar da ɗaki ya cika kuna buɗe tagar ba da magani ta biyu, wata ƙaramar kwamfuta da ke can tana turo sitikarta ta cikin babbar. In saƙo biyu suka iso firinta a lokaci guda, manhajar da ke yi wa firinta hidima takan mayar wa kenel da wurin da ta ara, sannan ta manta ta mayar, ta zuba sitikar a wurin. Kafin nan kenel ta riga ta ajiye adireshinta a can. Ranar kifayenku taga ɗaya kuka buɗe, shi ya sa ba ta faɗi ba. Gyaran bai kai layi goma ba. Na ji an yi ranar kasuwa lafiya, Sista Adongo ta aiko mini da saƙo cewa ta janye maganar fasto.

Na biyu. Na so in faɗa miki a ɗakin, bakina ya ƙi. Na so in faɗa a gida, Mama tana ta ƙara mini nama.

Kwalinki bai rufe komai ba.

A wurin kwamfuta kowane harafi lamba ne. Layin dama da kika rufe fassara ce kawai ta lambobin da kika bar mini a buɗe. Shekara da shekaru ina kallon lambobin nan, har na daina fassara su, ganinsu kawai nake yi kamar yadda kike ganin rubutun allon talla ba tare da kin yi niyyar karantawa ba. Da kika rubuto mini maganar kwalin na san haka, sai na ce a raina zan kau da kai in na iso wurin. Na ɗauka zan iya. Da na gangaro kan sitikar, kafin in ce wa idona tsaya, ya gama. Suna, da sunan uba, da magani, da yawan ƙwayar.

Kina zaune kusa da ni kina danne gefen kwalin da yatsa don filastar ta fara ɗagowa. Kika ce, «Ka samu?» Na ce, «Na samu.»

Na san mutumin. Ba zan rubuta sunan ba, ke kina da ikon buɗewa ki gani. Washegari da na fito zan tafi tasha na hango shi daga nesa, sai na tsinci kaina na tsallaka titi na shige shagon sayar da katin waya, na tsaya ina tambayar kuɗin abin da ba zan saya ba har ya wuce. Ni da na ce miki adireshi nake karantawa.

Haushin kaina nake ji, da na kwamfutar, da naki ma kaɗan, don kin faɗa tun farko kuma ba na son in kin yi gaskiya. Takardar Dakta ta ce in sanar da ke a rubuce. Na sanar.

Ƙaninki,
Odera


Mbita, Talata

Odera,

Gaisuwa. Wasiƙarka ta zo. Da na gama karantawa na ɓalle kwalin daga allon na jefa a kwandon shara, sannan na rufe ƙofa na zauna.

Da ka faɗa mini tun ranar Asabar ɗin cewa kwalin wasan yara ne, da mun nemi wata dabara. Wannan zan riƙe maka, ba yau za mu gama shi ba.

Na buɗe na gani. Na rubuta rahoto. Jiya na je na same shi a inda ba kowa, na faɗa masa da bakina cewa alkawarin da na yi masa ya karye, na faɗa masa wanda ya gani da yadda aka yi. Ban taɓa jin nauyin magana irin wannan ba.

Ya ce, «Shi ya sa ya shige shagon kati.»

Ashe ya gan ka.

Na ce ba za ka faɗa wa kowa ba. Ya ce, «Na san ba zai faɗa ba, ba bakinsa nake tsoro ba. Ki gaya masa in ya zo Kirsimeti ya gaishe ni yadda ya saba, da ihunsa da zaginsa, ya ce mini mai ƙaton kai a gaban kowa. Ranar da ya fara yi mini ladabi, ranar garin nan zai gane.»

Na tambaye shi ko zai zo karɓar maganinsa a ranarsa. Ya ce zai duba.

Ranar tasa jibi ce. Kai kuma kana da daga yanzu zuwa Disamba ka koya wa fuskarka yin kamar ba ta ga komai ba.

Yayarka,
Awuor